Akwatin injekta na haɗa-da-kanka a Golf 2: aikin ya yi, dillalin ne bai yi ba

A nan Gumel kowa cire injekta yake ya maida kafireto, ni kuma na yi akasin haka, shi ya sa a gareji ake ce min mai neman wahala. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 Golf ɗina take cinye min aljihu, sai na sayi akwatin Speeduino a wurin wani dillali, wanda ake ɗorawa a kan wani ƙaramin allon lantarki, Arduino Mega, ka tsara wa inji yawan man da zai sha da kwamfuta ta manhajar TunerStudio. Manifol da nozul kam a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano na same su da araha, tunda zubar da su ake. Famfon mai sai mai ƙarfi, mai matsin wajen bar 3, da tiyo mai maida ragowa tanki.

Gaskiya farkon abin ya burge ni. Da asubar hunturu kik ɗaya ta tashi, ba dukan totur, ba turawa, don akwatin yana jin sanyin ruwan inji ya ƙara mai da kansa. Baƙin hayaƙi ya ɗauke.

Sai ranar Alhamis, kasuwar Maigatari. Na ɗauko Baffa da buhunan riɗi, muna tsakiyar hanya mota ta fara atishawa ta manifol, ka taka totur ta shaƙe. Baffa ya ce, "Ɗan nan, da ma an gaya maka mota ba rediyo ba ce." Na ja gefe na buɗe kwamfuta a kan bonet, rana tana dukan allo da ƙyar nake gani. Ya kamata ma'aunin iska da mai ya zauna kusa da 14.7, wato kashi 14.7 na iska ga kashi ɗaya na mai, amma sensar salansa mai auna hayaƙi ta kafe a 11, tana ƙaryar wai mai ya yi yawa, akwatin kuwa ya yarda yana ta ragewa har inji ya fara yunwa. Na kashe gyaran da yake yi da sensar, na tayar, ta kama cas. Ko sifana ban taɓa ba. Baffa bai ce komai ba har Maigatari, wanda a wurinsa yabo ne.

To amma ku ji abin haushi. Sensar nan a cikin kayan da dillalin ya aiko take, da kwalinta da tambarinta kamar ta gaske, ashe jabu ce, kuma kuɗin ta asali ya karɓa. Wayoyin ma da ya ce suna ciki babu, sai da mai riwaya ya zauna ya haɗa min su ɗaya bayan ɗaya. Na kira dillalin, wai man bumburutu ne ya kashe ta. Ni da a gidan mai nake sha! Yanzu in wani abu ya taso, duk garin nan ba bakaniken da zai taɓa ta sai ni, dillalin kuwa tun ranar bai sake ɗaga wayata ba.