Sharhi a Kan Songs of Freedom, Kundin da Ya Tattara Waƙoƙin Bob Marley Tun Daga 1962 Zuwa 1980

Mafi yawanmu da muka taso muna jin muryar Bob Marley a shagunan masu sayar da kaset da cikin motocin haya, ta hanyar kundin Legend muka san shi, wanda kamfanin Island ya fitar a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa. Waƙoƙi goma sha huɗu ne a cikinsa, kuma dukkansu an ɗebo su ne daga shekarun da ya riga ya shahara, wato daga 1973 zuwa sama. Duk wanda iliminsa game da Marley ya tsaya a wannan kaset, to cikakken mutum ya tarar, mai murya a zaune da ƙungiyar makaɗa da ta gama gogewa, bai ga lokacin da yake yaro yana lalube ba. Wannan giɓi ne kundin Songs of Freedom ya zo ya cike, kuma saboda shi ne nake ganin ya cancanci a zauna a yi masa sharhi, ko da yake ya haura shekara talatin da fitowa.

An fitar da shi a 1992 a ƙarƙashin kamfanonin Tuff Gong da Island. Faifan CD huɗu ne a cikin kwali guda, ɗauke da waƙoƙi 78, tare da ɗan littafi mai hotuna da bayanin inda aka naɗi kowace waƙa. Da farko kwafi miliyan ɗaya aka ƙayyade za a buga, sai a 1999 aka sake fitar da shi a kwali ƙarami. An jera waƙoƙin bisa tsarin shekaru, daga waƙarsa ta farko, "Judge Not", wadda ya naɗa a 1962, har zuwa "Redemption Song" kamar yadda ya rera ta a wasansa na ƙarshe a 1980. Na saurari fayafayan huɗu a jere a cikin dare biyu, sannan na koma kan na farko har sau uku, domin a nan ne na sami abin da ban sani ba.

"Judge Not" waƙar yaro ce ɗan shekara 17 da ke koyon walda a Kingston, wanda furodusa Leslie Kong ya ba dama a shekarar da Jamaika ta sami 'yancin kai daga Ingila. Muryar siririya ce, tana sama, tana gaggawa kamar mai tsoron kada a katse shi kafin ya ƙarasa, kuma idan aka sa ta a kunne za a ji ƙasa-ƙasa da shashshakar tsohon faifai a bayanta. Da ba a rubuta sunansa a kwali ba, da wuya wanda ya saba da Legend ya gane shi. Amma abin da ya kama ni shi ne, tun a wannan waƙa ta farko batunsa wa'azi ne, yana jan kunnen mutum da ya dubi laifin kansa kafin ya yanke wa wani hukunci. Wato tun kafin muryar ta nuna, abin da yake son faɗa ya riga ya zauna masa.

Daga nan sai a shiga shekarun Studio One, sutudiyon Coxsone Dodd, inda Marley da Peter Tosh da Bunny Livingston suka zama ƙungiyar Wailers, bayan Joe Higgs ya koya musu haɗa murya a unguwar Trench Town. Kiɗan wancan lokaci shi ne ska, mai sauri da yawan kayan busa. "Simmer Down", wadda ta hau matsayi na ɗaya a Jamaika a farkon 1964, kira ce ga matasan unguwa masu tayar da ƙayar baya da su sassauta, kuma makaɗan Skatalites ne suka kaɗa musu. Har ila yau a wannan faifai ne ake jin asalin "One Love" ta 1965, a guje, muryoyi uku suna rige-rige kamar 'yan makaranta a filin wasa. Waɗanda suka tsara kundin sun yi dabara mai kyau da suka sake sa wannan waƙa a faifai na huɗu, a sigarta da ya sake naɗawa a Landan a 1977, mai nutsuwa da faɗi. Na sa su a jere, ɗaya bayan ɗaya, sai na ji shekara goma sha biyu na aiki a cikin minti goma. Hausawa suka ce da rarrafe yaro kan tashi, kuma ban taɓa jin rarrafen wani mawaƙi a fili kamar yadda wannan faifai ya nuna shi ba.

Akwai tsakiyar faifan da mutane ba su cika ambata ba, wato waƙoƙin da suka biyo bayan 1966, shekarar da ya auri Rita, ya tafi jihar Delaware ta Amurka wajen mahaifiyarsa ya yi aikin ƙarfi na wasu watanni, sannan ya dawo suka kafa ƙaramin kamfaninsu na kansu, Wail'N Soul'M. A lokacin kiɗan Jamaika ya rage gudu ya koma rocksteady, kuma raguwar gudun ta ba muryarsa sarari. "Bend Down Low" da "Mellow Mood" da "Nice Time" da asalin "Stir It Up" duk na wannan zango ne. Waƙoƙin soyayya ne masu sauƙi, na mutanen da suke naɗa da kuɗin aljihunsu su ɗauki faifan su kai kasuwa da kansu, kuma ana jin tasirin mawaƙan baƙar fata na Amurka a yadda suke jera amshi.

Inda kundin ya fi ƙarfi a wurina shi ne ƙarshen faifai na ɗaya, shekarun 1970 da 1971, lokacin da suka yi aiki da furodusa Lee Perry. A nan ne 'yan'uwa biyu, Aston Barrett mai jitar bas da Carlton Barrett mai ganga, suka zama ƙashin bayan kiɗan, kuma suka ci gaba da zama tare da Marley har ƙarshen rayuwarsa. Perry ya rage kayan busa, ya ture kwalliya gefe, ya tura bas gaba har ta zama ita ke jan waƙar. Ku saurari "Soul Rebel" da "Small Axe" da "Duppy Conqueror" da "Sun Is Shining" da lasifika mai kyau, za ku ji kiɗan ya yi duhu, ya yi nauyi, muryar Marley kuma ta sauko ta daina gaggawa. "Don't Rock the Boat" da ke nan ita ce ta koma "Satisfy My Soul" a kundin Kaya na 1978. Ni dai na fi son tsohuwar, domin babu abin da ya tsaya tsakanin murya da mai saurare. Wanda ya ji waɗannan waƙoƙi shida ko bakwai zai fahimci cewa lokacin da Chris Blackwell, mai kamfanin Island, ya ba su fam 4,000 a 1972 don su naɗi kundin Catch a Fire, gwanaye ya tarar waɗanda suka shekara goma suna aiki.

Abu mafi daraja a faifai na biyu shi ne wata naɗa mai tsawon kusan minti goma sha biyu da aka yi a wani ɗaki a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1971, sa'ad da Marley ya bi mawaƙin Amurka Johnny Nash can don aikin waƙoƙin wani fim. Shi kaɗai ne da jita, yana fita daga wannan waƙa yana shiga waccan, ya ɗan taɓa "Guava Jelly", ya wuce "Cornerstone", ya dawo "Stir It Up", wani wuri ya yi kamar zai tsaya sai ya ci gaba. Babu ganga, babu 'yan amshi, ana jin yatsunsa suna goga tsirkiya idan ya sauya riƙo. Ya tuna mini da yadda mai kuntigi ko mai gurmi ke zama shi kaɗai bayan an watse yana gwada sabuwar waƙa, ba don kowa ba. Wannan naɗa ita ce hujjar cewa marubucin waƙa ne kafin komai, domin da aka cire duk kayan kiɗa, waƙoƙin sun tsaya da ƙafafunsu. Kusa da ita akwai "High Tide or Low Tide", wadda aka naɗa a zaman Catch a Fire amma aka bar ta a baya, kuma har yanzu ina mamakin yadda aka yi aka ajiye waƙa mai taushi irin wannan shekara kusan ashirin.

Daga tsakiyar faifai na biyu zuwa ƙarshen na uku, hanya ce da kowa ya sani: Catch a Fire da Burnin' na 1973, rabuwa da Tosh da Bunny, shigowar 'yan amshi mata uku, Rita Marley da Marcia Griffiths da Judy Mowatt, sai harbin da aka yi masa a gidansa na Hope Road ranar 3 ga Disamba 1976, da hijirarsa zuwa Landan inda ya naɗi kundin Exodus. A nan ne kuma nake da ƙorafi. Domin su ba masu tara fayafayi wani sabon abu, waɗanda suka tsara kundin sun maye gurbin sanannun waƙoƙi da wasu sigogi na daban. "No Woman No Cry" da ke nan ta wasan Roxy ce a Los Angeles, ba ta Lyceum ta Landan ta 1975 da duniya ta haddace ba, kuma ba ta kai ta ba. "Exodus" da "Jamming" da "Could You Be Loved" duk dogayen sigogi ne da aka yi don wuraren rawa, "Is This Love" an ƙara mata kayan busa, "Three Little Birds" ma wani haɗin sauti ne daban. "Buffalo Soldier" kuwa babu ita sam. Saboda haka kundin da ya yi alkawarin tattara rayuwar waƙar mutum bai wadatar da mai saye shi kaɗai ba, sai ya haɗa da Legend ko kundayen asali. Haka nan "Iron Lion Zion", wadda aka tallata kundin da ita har ta kai matsayi na 5 a Ingila a 1992, tsohuwar murya ce ta farkon shekarun 1970 da aka ɗora wa sabon kiɗa bayan rasuwarsa, kuma ƙyallin sabon kiɗan ya fita daban a tsakanin maƙwabtanta.

Ƙorafi na biyu ya fi wannan nauyi a zuciyata. Wailers ƙungiya ce ta mutum uku har zuwa 1973, amma kusan duk waƙoƙin da aka zaɓa waɗanda Marley ya ja gaba ne. Ana jin Tosh a baiti guda na "Get Up, Stand Up", wadda suka rubuta tare, ana jin zaƙin muryar Bunny a amshi, sai dai wanda bai san tarihi ba zai ɗauka 'yan rakiya ne. Na san sunan Marley ne a kan kwali, amma waƙa ɗaya ko biyu da Tosh ya ja da sun nuna gaskiyar yadda gidan yake.

Ya kamata kuma mai sauraro daga cikinmu ya san abin da zai tarar game da aƙida. Marley ɗan Rastafari ne, kuma mabiya wannan tafarki suna ɗaukaka Sarki Haile Selassie na Habasha zuwa matsayin da Musulmi ko Kirista ba zai yarda da shi ba, suna kuma ɗaukar tabar wiwi a matsayin wani ɓangare na ibadarsu. "Jah Live", wadda ya naɗa a 1975 bayan sanar da rasuwar Selassie, da "Forever Loving Jah" da "Easy Skanking" ba su ɓoye komai ba. Ban yarda da wannan aƙida ba, kuma ba na sa waɗannan waƙoƙi a gaban yara ba tare da bayani ba. Sai dai cire su zai zama ƙarya ga tarihi, kuma daga wannan tushe ne "War" ta fito, wadda kalmominta jawabin da Selassie ya yi ne a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba 1963 a kan wariyar launin fata. Duk ɗan Afirka da ya saurare ta da hankali zai ji da shi ake.

Faifai na huɗu shi ne na Afirka. An ɗebo waƙoƙi da dama daga Survival na 1979, kundin da bangonsa ke ɗauke da tutocin ƙasashen nahiyar, ciki har da "Africa Unite" da "Zimbabwe". Wannan ta biyun ita ce ta kai shi filin wasa na Rufaro a watan Afrilu 1980, inda ya yi wasa a bikin samun 'yancin Zimbabwe, kuma da kuɗinsa ya ɗauko kayan sauti ya kai can. Kiɗan wannan zango ya fi na baya tsafta da tsari, kalmomin kuma sun fi kaifi, kamar na mutumin da ya daina kewaye-kewaye. Ina sauraron wannan faifai ina tunanin Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos, waɗanda suka fi Marley daɗewa a fagen waƙa, da yadda zai kasance a ce an jera waƙoƙinsu haka bisa shekaru, kowace da bayanin inda aka naɗe ta da sunayen makaɗanta.

Waƙa ta 78 ita ce "Redemption Song" daga gidan wasa na Stanley a birnin Pittsburgh, ranar 23 ga Satumba 1980. Kwana biyu kafin nan ya yanke jiki ya faɗi yana motsa jiki a wani lambu a New York, likitoci kuma suka tabbatar cewa ciwon dajin da ya fara masa a yatsan ƙafa tun 1977 ya bazu a jikinsa. Duk da haka ya hau dandamali. Muryar ta ɗan dushe, yana jan wasu kalmomi fiye da yadda ya ja su a sutudiyo, jama'a suna ihu a bayansa ba su san halin da yake ciki ba. Bai sake yin wasa ba, kuma ya rasu a Miami ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36. Da faifan ya ƙare a daren da na fara jin sa, sai na tashi na ɗauko na ɗaya, na mayar da "Judge Not", na sake sauraron yaron nan mai koyon walda yana gaggawa.