Allon shagona na biyu: abin da na biya da abin da na samu

Wata bakwai kenan da aka rataya min sabon allo a shagon ɗinkina, da gangan na ƙi cewa komai sai da ya sha damina guda tukunna, don ranar da aka ɗaura ai kowane allo kyau gare shi.

Shagon nawa cikin layin shaguna yake a nan Kano, irin masu baranda a gaba, idan ka manna allo a bango sai wanda ya tsaya saitin ƙofa ne zai gani. Shi ya sa nake son na ratayawa mai fuska biyu, mai tahowa daga gabas ya gani na yamma ma ya gani. Na farko da na yi a 2022 fleks ne, wato ledar nan da ake buga bana a kanta, aka ja a kan firam ɗin katako, dubu 12 har da ɗaurawa, ina ta murna na samu araha. Kafin shekara jan rubutun ya koɗe ya koma kalar hoda, katakon ya sha ruwa ya bankare, sannan iskar farkon damina ta zo da daddare ta yaga fuska ɗaya tun daga sama har ƙasa, da safe na tarar da shi yana lilo kamar tsumma, maƙwabcina mai chajin waya har yau bai daina tsokanata ba.

To wannan karon wajen wani mai aikin allo na je da wani abokina ya yi min kwatance, ba zan kama suna ba don akwai yabo akwai ƙorafi. Abin da ya fara burge ni bai ce min kawo kaza ba kawai, kala uku ya lissafa min a bayan wata takardar rasit. Fleks a firam ɗin ƙarfe dubu 35. Alucobond da sitika dubu 85. Akwatin akrilik, wato roba mai kama da gilashi, mai wuta a ciki dubu 190. Ya ce kuma Malam wannan kuɗin na kwana uku ne fa, in ka wuce sai mun sake tambayo kasuwa. Na ɗan ji haushi amma gaskiyarsa ce, kusan duk kayan daga waje ake shigo da su, galibi Chaina, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta haura 1,500 a farkon 2024 babu mai riƙe maka farashi, ni ma haka nake yi da masu kawo min shadda. Don haka kar wani ya ɗauki lissafina ya je yana rigima da mai allo, na lokacin ne.

Alucobond ɗin ga wanda bai sani ba, sunan da wani kamfani ya sa wa nasa ne ya bi kayan kamar yadda muke ce wa kowane garin wanki Omo, falle biyu ne na alminiyam sirara da roba a tsakiya, shi ake liƙa wa gaban bankuna da gidajen mai. Ba ya tsatsa ba ya shan ruwa kuma ba shi da nauyi. Ya miƙo min guntu mai kaurin mili 3 ya ce in lanƙwasa, na kasa sai da na sa gwiwa. Akwai wani farin allo kuma mai kama da soso da suke ce wa foreks, ya fi araha, na tambaya ya ce wannan na cikin shago ne, ranar Kano za ta lanƙwasa shi.

Mai wutar kam na so shi, ƙarya ne in ce ban so ba. Amma da na zauna na yi tunani, ina rufe shago bayan isha, wutar layinmu sai a hankali, fitilun LED ɗin 12 bolt ne sai da ƴar tiransifoma wadda in ta ƙone sai an sauko da akwatin gaba ɗaya, ga ƙurar hunturu da ƙwari da ke taruwa a ciki ka ga ƙasan allon ya yi baƙi. Na haƙura na ɗauki na tsakiya.

Inda na ƙaru sosai shi ne maganar awo. Ni ƙafa biyu da rabi da ƙafa uku da rabi na zo da shi a kaina. Sai ya ɗauko alli ya durƙusa ya zana min a siminti, ya ce falle ɗaya ƙafa 4 ne da ƙafa 8, awonka fuska biyu ba zai fita a rabin falle ba dole in sayo cikakke kuma kai za ka biya har ragowar da ba ka amfana da ita ba, amma in ka yarda da ƙafa 2 da ƙafa 3 rabi ya ishe mu. Ni da nake yanka yadi kullum nan take na gane, daidai yake da mai son babbar riga a yadi huɗu. Rabin ƙafar nan da na rage ita ta sauko da kuɗin zuwa dubu 68. Wani da shiru zai yi ya yanka ya ajiye ragowar ya yi wa wani aiki da ita.

Firam ɗin sikwaya fayif ne inci ɗaya, an yi walda an shafa jan fentin nan na hana tsatsa kafin baƙi, fuskokin kuma da ribit, wato ƴan ƙusoshin da ake matsewa, aka kama su ba gam ba. Na ce a sa sarƙa don ta fi kyau a ido, ya ce sarƙa zalla a barandar da iska ke ratsawa kwana za ka yi kana jin ƙiii ƙiii har ƙugiyar ta cinye, sai ya yi sarƙa biyu gajeru ya ƙara ɗan ƙarfe a baya da ke hana shi lilo. Duk iskar bana bai motsa ba.

Yanzu ƙorafi. Ya karɓi kashi 70 ya ce kwana biyar, sai da na yi kwana 16, yau injin buga sitika ya lalace gobe mai walda ya tafi ɗaurin aure, waya kuma sai na kira sau uku. Na biyu kuɗin ɗaukowa a adaidaita da na yaran da suka hau tsani ba ya cikin lissafin da ya rubuta min, sai ranar ɗaurawa na ji wai dubu 7, mun ɗan yi sa-in-sa na ba da biyar. Da tun farko ya faɗa ba zan ji komai ba.

Na uku shi ya fi ba ni dariya da takaici. Ya turo min zanen a WhatsApp na ga ƊINKI daidai da ƙugiyarsa, da aka bugo sitikar sai ga DINKI, ashe yaronsa ya canja salon rubutun a manhajar zane ta CorelDRAW zuwa wanda ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa sai kawai ya sa D ya wuce wajen. Ya ce Malam ai kowa zai gane. Na ce ni dai ba zan rataya ba. Ya sake bugawa da kuɗinsa ba tare da doguwar magana ba, wannan na ba shi.

Zuwa yanzu launin bai canja ba, in ya yi ƙura tsumma da ruwa ne kawai. Gefe ɗaya na fuskar da ke kallon yamma sitikar ta fara ɗagowa kamar faɗin farce, na tura masa hoto ya ce zai turo yaro ranar Asabar, Asabar biyu kenan.