Burtsatse, tubwel ko rijiyar hannu: wanne ya dace da gonar inabi?

Malam, ka ce kana da fili kimanin rabin hekta a yankin Hunkuyi, kana so ka shiga noman inabi irin wanda ƙaramar hukumar Kudan ta yi suna a kai, amma masu ba ka shawara sun rabu uku. Wasu sun ce ka haƙa burtsatse, wasu sun ce tubwel irin na 'yan fadama ya wadatar, wasu kuma sun ce rijiyar hannu mai zoben kankare ta ishe ka. Kafin a kai ga zaɓi, bari mu fara da lissafin ruwan da gonar za ta sha, domin shi ne alƙalin.

Milimita 1 na ruwa a kan hekta guda lita 10,000 ce. A tsakiyar bazara, wato Maris da Afrilu, kuringar inabin da ta rufe rumfarta da ganye tana iya buƙatar milimita 4 zuwa 5 a rana. Rabin hektarka ke nan zai nemi lita 20,000 zuwa 25,000 kullum. Riƙe wannan adadi. Kuma ka tuna inabi ba tumatir ba ne da za ka noma wata huɗu ka tashi. Bishiya ce ta shekaru, kuɗinka na nan jibge a cikin waya da ginshiƙai da dashe, ruwa ya yanke mako biyu lokacin da 'ya'ya ke cika, aikin shekara ya tafi.

Tubwel ya fi kowanne araha da sauri. Ya yaɗu a Arewa musamman tun shirin Fadama na farko da aka fara a 1993 da tallafin Bankin Duniya. A rana ɗaya ake iya gama shi, a tura bututu cikin yashin da ke ƙarƙashin fadama, a jona injin fetur mai inci 2 ko 3, ruwa ya yi ta ambaliya. Idan ka dace da yashi mai kyau, yawan ruwansa na iya fin na burtsatse da yawa a ƙasarmu. Matsalarsa biyu ce. Injin da ke zaune a sama ba ya iya zuƙo ruwan da ya yi ƙasa da kamar mita 7, shi ya sa kake ganin manoma suna haƙa rami su saukar da injin idan bazara ta yi nisa. Ta biyu ta fi girma: inda tubwel ke yin kyau, can ne inabi ba ya so. Saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa, fadama kuwa tana jiƙe duk damina, ga laima da ke jawo cutar ganye. Saboda haka tubwel zai yi maka amfani ne kawai idan gonarka na kan tudu kuma fadama na kusa, ka ja ruwan da bututu zuwa sama. Nan ma sai ka lissafa fetur, wanda tun cire tallafi a Mayun 2023 ya zama babban abin da ke cinye ribar mai noman rani.

Rijiyar hannu ba zan daɗe a kanta ba. A yankin Zariya tana samun ruwa ne daga ruɓaɓɓen dutsen da ke saman fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse mai tauri, kuma faɗinta na sa ta tara ruwa da daddare. Tana raya reno da ƙananan dashe, tana kuma ceto ranar da famfo ya lalace. Amma lita 20,000 a rana a watan Afrilu, da wuya. Idan za ka haƙa ta, ka haƙa a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya kai ƙarshen ja da baya, in ba haka ba za ka ga ruwa a Nuwamba ka yi murna, Maris na zuwa guga ya dawo da laka. Tana son yasa kusan duk shekara. Kuma don Allah kada a taɓa saukar da injin fetur cikinta ana aiki, hayaƙinsa ya kashe masu yasa ba sau ɗaya ba.

Burtsatse ni ma shi nake ganin ya dace, sai dai mutane suna ɗora masa fatan da ba zai iya cikawa ba. Ƙasar Zariya, Kaduna da galibin Kano a kan tsohon dutse mai tauri take. Ba irin ta Sakkwato ko Maiduguri ba ce, inda akwai shimfiɗun yashi masu riƙe ruwa a zurfi daban-daban, ka ƙara zurfi ka tarar da wani ruwan. A nan ruwa yana cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da kuma tsagogin da ke cikin fa. Idan bakin injin haƙa bai ci karo da tsaga ba, ƙarin mita 40 ƙura kawai zai ba ka. Shi ya sa maƙwabcinka zai iya samun ruwa mai ƙarfi, kai kuma taku ɗari daga wurinsa ka samu ɗigo. Burtsatse da yawa a irin wannan ƙasa rabin lita zuwa lita guda suke bayarwa a daƙiƙa. Ɗauki rabin lita: idan sola ta yi maka aikin sa'a 7, lita 12,600 ka samu, wato kusan rabin abin da gonar ke nema a bazara. Ga gida wannan ruwa ne mai yawa, shi ya sa mai haƙa zai ce maka "ruwa ya samu" da gaskiyarsa, alhali ga gonar inabi bai kai ba.

Don haka tsarin da nake ba da shawara shi ne a juya abin. Ruwa tukuna, dashe daga baya. Ka kawo mai awon ƙasa da na'ura ya duba wurare biyu ko uku a filin, wanda ba yaron mai injin ba ne. Awon ba ya ba da tabbaci, yana dai rage caca. Ranar haƙa ka tsaya da kanka: auna tsawon sandar haƙa ɗaya, ka riƙa ƙirga adadin da suka shiga, domin a nan ake ƙara wa mutum zurfin da ba a haƙa ba. Duba kaurin kesin, wato bututun da ake zurawa ya tokare bangon ramin, ka tabbata an sa mai tsaga-tsaga daidai inda ruwa ke shigowa, an zuba tsakuwa wankakkiya a kewaye, an toshe saman da siminti don kada ruwan taki da maganin feshi su gangara ciki. A wanke da kwamfaresa har ruwa ya fito garau. Sannan abin da kusan kowa ke tsallakewa saboda tsimi: a sa famfo a ja ruwa na sa'o'i masu yawa ba tsayawa, ana auna yadda yake sauka da yadda yake dawowa. Wannan gwajin shi zai gaya maka girman sumo (famfon da ake saukarwa cikin ruwa) da za ka saya da yawan kuringar da za ka dasa. Idan ya nuna ruwan na rubu'in hekta ne, dasa rubu'in. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wajen kulawa ma akwai bambanci. Tubwel idan ya toshe da yashi, sau da yawa sake wani a gefe ya fi gyara sauƙi. Burtsatse kuwa yawancin mutuwarsa daga famfo take. Ana sa sumo da ya fi ƙarfin rijiyar, ya tsotse ruwa ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone, ko a sauke shi har gindi ya riƙa shan yashi. Sa na'urar da ke kashe shi idan ruwa ya ja baya, ka rataye shi sama da gindi, kuma ka ajiye littafi kana rubuta zurfin ruwa duk wata. Ranar da ka ga yashi a tanki ko ruwa ya ragu ba dalili, kira masu wanki tun kafin famfo ya lalace.

Ka kuma kai ruwan a gwada, ko a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando a Kaduna ko wani ɗakin gwaji da ka yarda da shi. Inabi ba ya son zartsi, gefen ganye ke ƙonewa. Abin da ya fi yawa a yankinmu shi ne ƙarfe a cikin ruwa, wanda za ka gane da jan tsatsa a jikin tanki. Shi ke toshe ƙofofin bututun ɗigo. Maganinsa a bar ruwan ya sha iska ya kwanta a tanki ko kwarmi kafin ya bi ta matata zuwa gona, a kuma riƙa buɗe ƙarshen layuka ana kore dattin. Ban-ruwa na ɗigo ba ado ba ne a nan, da ruwa kaɗan irin na burtsatsenmu kwararo a ƙasa zai ƙare tun kafin ya kai layi na uku.

Idan ka faɗa mana nisan filin da fadama, da kuma zurfin rijiyoyin maƙwabta a watan Afrilu, za a iya faɗa maka ko tubwel da bututu zai taimaka wa burtsatsen ko a manta da shi.