Kwas ɗin feshin magani na masu aikin lambu: ya yi, amma fa ba shi ne lasisi ba

Masu tambaya kan kwas ɗin nan na intanet da ake yi wa masu gyaran lambu da kula da ciyawa da furanni kafin su nemi lasisin feshi, to na gama shi, kuma gaskiya kuɗina bai tafi a banza ba, sai dai akwai inda suka yi ƙwauro.

Inda suka fi ƙoƙari shi ne karanta takardar jikin gorar magani, wadda yawancinmu ba ma ko kallonta sai dai mu tambayi murfi nawa ake zubawa. Sun bi ta dalla-dalla, adadin da ake surkawa, shukar da aka yarda a fesa wa, awa nawa za a jira kafin yara ko dabbobi su taka ciyawar, har da yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa magungunan, Ia da Ib su ne masu mugun haɗari, sai II da III.

Darasin kariya kam ya tsorata ni wallahi. Ashe a wannan aikin gubar ta fata ta fi shiga, musamman hannu, kuma lokacin haɗawa ya fi na feshin haɗari tunda maganin bai sha ruwa ba tukuna. Safar hannu ta yadi ko ta fata tsotse maganin take yi ta riƙe maka shi a jiki, ta roba irin nitrile ake so, shi kuma takunkumin ƙura ba ya tare tururin magani ko kaɗan. Sun yi bayanin magungunan kashe ƙwari irin su chlorpyrifos da dichlorvos, yadda suke toshe wani sinadari da jijiyoyi ke aiki da shi, sai ka ga mutum yana zufa, yawu na dalala, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi na sarƙewa. In haka ta faru ba maganar ba shi madara ko sa shi amai, asibiti za a nufa kuma a tafi da gorar. Paraquat ma, wani maganin kashe ciyawa, ba shi da makari. Gorar da ta ƙare a ɗauraye sau 3, ruwan a juye cikin tankin feshi, sannan a huda ta kar wani ya zuba ruwan sha.

Matsalata da su lissafin saita famfon feshi ne, ɗan gajeren bidiyo kawai suka sa suka wuce, alhali nan ne mutane suke kwafsawa a jarabawa da wajen aiki. In ka rage saurin tafiyarka da rabi ka ninka maganin da ke sauka, kuma kafin ka ninka abin da bakin famfo ke fitarwa sai ka ƙara ƙarfin iska har ninki 4, shi kuma yana sa feshin ya yi laushi iska ta kwashe shi zuwa furannin maƙwabta. Wannan ba a waya ake koyonsa ba, sai ka goya famfo da ruwa zalla ka auna fili ka gwada.

Sannan tallarsu ta so ta ruɗa mutane. Satifiket ɗin da suke bayarwa shaidar ka yi kwas ce kawai, lasisi hukumar ƙasarka ce ke bayarwa, galibi sai ka zauna jarabawarta, kuma yana da wa'adi ana sabunta shi. Kafin ka biya, tambayi hukumar ko ta san da kwas ɗin.