Shatar mota da ɗan jagora daga Katsina zuwa Daura: me kuɗinka zai saya?

Wannan hidima ba ta da ofis, ba ta da allo a bakin titi. Direba ne da motarsa, galibi Golf ko Sharon, sai wani ɗan gari da zai zauna a gaba yana bayani. Su ɗauke ka daga Katsina da sassafe, su bi da kai Durbi-ta-Kusheyi, wurin kaburburan tsoffin sarakuna, su kai ka Daura, su dawo da kai kafin magariba. Ana samunsu ta hannun masu masaukin baƙi, ko a tasha idan ka ce shata kake so. Tafiyar ta ci kuɗinta, amma fa sai in kai ka tsara ta tun kafin a tayar da mota. Idan ka sakar wa direba ragama, Rijiyar Kusugu kawai zai kai ka ka ɗauki hoto, ya ajiye ka a gidan abinci ka ci shinkafa da miya irin wadda ka baro a gida, ya ce an gama.

A fara da ciniki, don a nan ake yawan samun saɓani. Tsakanin Katsina da Daura ta hanyar Mashi kimanin kilomita 80 ne. Idan aka haɗa zuwa da dawowa, da ratsen da za a yi zuwa ƙasar Mani, da zagayen cikin gari, a yi lissafin kilomita 200 ko sama da haka kaɗan. Ƙaramar mota mai lafiya za ta sha mai kamar lita 18 zuwa 22. Tunda farashin mai ba ya zama wuri ɗaya, ya fi sauƙi a raba maganar gida biyu: kai ka zuba mai a gidan mai da idonka, sannan a yanke kuɗin mota da na direba daban. Direban da aka yi wa jimla da mai a ciki, duk ratsen da ka nema a hanya zai ga kamar daga aljihunsa kake cira, sai ya fara ce maka "ai can babu komai, Alhaji". A ambaci wuraren da za a je ɗaya bayan ɗaya, a faɗi lokacin dawowa, a ba da rabin kuɗi da safe, ragowar idan an sauka. A kuma duba safaya da jak kafin a tashi, domin daga kwalta zuwa wurin kaburburan hanyar ƙasa ce mai yashi da ƙaya.

Ɗan jagora shi ne rabin tafiyar, ko ma fiye. Wuraren nan ba masu ɗaukar ido ba ne. Tudun ƙasa ne, da rijiya a cikin ɗaki, da hasumiyar laka. Wanda bai ji labarinsu ba zai tsaya minti biyar ya ce a tafi. Kafin ka ɗauki mutum, jarraba shi da tambaya biyu: su wane ne Durɓawa, kuma me ya sa sarautar Daura ta taɓa komawa Zango? Idan ya fara kame-kame, to ɗan rakiya ne kawai, a biya shi kuɗin rakiya.

A cikin birni kada a daɗe. Awa ɗaya ta isa a ga Hasumiyar Gobarau, wadda tsayinta ya kai wajen mita 15 kuma ake danganta ta da zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Korau, sannan a wuce ta gaban Gidan Korau, wato fadar Sarkin Katsina, a filin Kangiwa. Matakalar hasumiyar ƙunci gare ta, ba ta dattijo mai ciwon gwiwa ba ce, kuma kada a hau da yawa lokaci guda. Gidan tarihin da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello suka yi karatu, ya cancanci a ware masa wata ranar daban. Cusa shi cikin wannan tafiya shi ke sa a isa Daura rana ta take.

Durbi-ta-Kusheyi ita ce wurin da direbobi suka fi son tsallakewa, kuma ita ce ta fi cancantar a tsaya. Tana cikin ƙaramar hukumar Mani, gabas da Katsina, tafiyar kilomita talatin da 'yan kai. Abin da za ka gani manyan tuddai ne na ƙasa da ake cewa kaburburan sarakunan Durɓawa ne, zuriyar da ta yi mulki tun daga Kumayo har zuwa Sanau, wanda labarin baka ya ce Korau ya kayar da shi a kokawa ya karɓe sarauta. Har yau Durɓin Katsina shi ne hakimin Mani. An fara tona wasu daga cikin tuddan a 1907 ƙarƙashin Bature Palmer, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, aka sake tono a 1992. An samu kayan ado na ƙarfe, da duwatsun wuya, da wuri, har aka kai kayan Jamus don a gyara su a adana. Kada ka sa ran ganin waɗannan kaya a wurin, tuddan kawai za ka tarar. Jagora nagari zai fara kai ka gaisuwa wurin mai gari kafin a nufi kaburburan, a ba da ɗan goro, a haɗa ku da wani dattijo. Wanda ya wuce kai tsaye ya fito da waya yana ɗaukar hoto, shi ne ke dawowa yana cewa mutanen ƙauye ba su da sakin fuska. Kuma kada a hau kan tuddan. Kabari ne, sannan sawun mutane da ruwan damina su ke zaizaye su.

Daura ta Abdu, tushen Hausa. Rijiyar Kusugu a tsakiyar gari take, an gina ɗaki a kanta, kuma akwai masu kula da ita da za su ba ka guga ka ja ruwa da hannunka. Labarin kowa ya san shi: macijin da ake kira Sarki ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya je rijiya da dare ya sare kan macijin, ya auri Magajiya Daurama, aka haifi Bawo. Inda ake gane ƙwarewar jagora shi ne abin da zai ƙara a kan wannan. Ya kamata ya faɗa maka cewa kafin Daurama akwai jerin sarakuna mata, kuma a Tsohon Birni suka fara zama kafin a dawo inda Daura take yanzu. Ya kamata ya san cewa bayan jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi garin, tsoffin sarakuna suka fice har suka kafu a Zango da Ɓaure, sai a farkon mulkin mallaka Turawa suka dawo da Malam Musa na tsohuwar zuriyar daga Zango, shi ya sa Daura ta bambanta da yawancin masarautun Arewa, inda sarauta ta ci gaba a hannun zuriyar masu jihadi. Idan ma ya iya gaya maka cewa masana irin su Farfesa Abdullahi Smith ba su ɗauki labarin Bayajidda a matsayin ainihin mafarin Hausawa ba, to ka samu na hannun dama, ka ƙara masa tukuici.

Mutane da yawa na ɗura ruwan rijiyar a gora su kai gida don neman tabarruki. Wannan ra'ayin mutum ne. Amma ruwan rijiya ne, guga na shiga hannu daban-daban, don haka mai saurin ɓacin ciki da ƙananan yara su tsaya a wanke fuska, ko a tafasa in an koma gida. A fada kuwa, a bar jagora ya yi magana da dogarai, a tuɓe takalmi inda aka ga ana tuɓewa, kada a ɗaga waya sai an nemi izini.

Sai abinci, wanda shi ne ya fi rauni a yadda ake gudanar da hidimar, alhali ya fi komai sauƙin gyarawa. Dabarar ita ce jagora ya yi magana da wani gida a ƙauye tun ana gobe za a tafi, a aika kuɗin cefane. Tuwon dawa ba ya yiwuwa a gaggauce: sai an surfa, an wanke, an shanya, an kai niƙa, an tankaɗe. Ga mutum biyar, rabin tiya na dawa ya wadatar, da kazar gida ɗaya babba ko biyu ƙanana, da daddawa, da kuka, da man shanu. Kazar gida tana son wuta ta awa ɗaya da rabi ko fiye, in ba haka ba sai dai a yi ta ja da haƙori. Ana gane tuwo mai kyau idan an yanka shi da mara ya tsaya bai zube ba, ba gudaji a ciki, ba warin ɗanyen gari. Warin gari yana nufin ruden bai nuna ba aka tuƙa, ko ba a bar shi ya sulala ba. Miyar kuka kuwa launinta kore mai duhu, tana bin tuwo. Idan ta yi gudaji, an zuba kukar ne a dunƙule ba a barbaɗa ana kaɗawa da maburgi ba. Idan ta yi baƙi tana ɗaci, ta daɗe a wuta bayan an kaɗa. Man shanu a ce a soya shi da albasa, ɗanye yana da ƙarni ga wanda bai saba ba.

Idan ba a samu shirya tuwo ba, ɗanwake da dambu su ne mafita, kuma ana samunsu a yawancin garuruwan hanya kafin azahar. Ɗanwake na gaske garin wake ne da na rogo ko na dawa, da kuka, da ruwan kanwa. Kuka ce ke riƙe shi, in ta yi kaɗan sai ya narke a tukunya. Kanwa in ta yi yawa sai ya yi duhu, ya yi ɗanɗanon sabulu, ya kuma saki ciki, abin da matafiyi ba ya so a tsakiyar hanya. Gutsuri ɗaya kafin a zuba mai da yaji: cikinsa ya zama launi ɗaya da bayansa, in akwai fari a tsakiya bai dahu ba. A nemi man gyaɗa na gida da yajin ƙuli. Dambu kuma, na tsakin masara ko na gero da zogale, sau biyu ake turara shi a madambaci, na farko tsakin kaɗai, na biyu bayan an haɗa ganye da albasa da dakakkiyar gyaɗa. Wanda aka turara sau ɗaya yana da tsaki-tsaki a baki, wanda aka cika wa ruwa kuma ya cure kamar tuwo. Mai kyau warwas yake, yana watsewa a cokali.

Fura da nono ita ce abin da kowane baƙo ke tambaya, kuma a nan aka fi yin kuskure. Fura ta yau taushi gare ta, tana ƙamshin citta da kanumfari da masoro. Wadda ta kwana ta tsattsage a baya, tana tsami tun kafin a sa nono. Curi biyu sun ishi mutum ɗaya. Nono kuma a tambaya: kindirmo ne ko tsala? Kindirmo ba a cire masa mai ba, ya fi kauri da tsada. Tsala an kaɗe man, ya fi ruwa da tsami, amma ya fi sauƙi a ciki lokacin zafi. Wasu masu sayarwa na ƙara ruwa su kaurara da garin ƙwamen kuka, za ka gane ta wani tsami mai kama harshe da ɗan gari-gari a ƙasan ludayi. Abin da ke kwantar da matafiya yawanci ba nonon ba ne, ruwan damu ne da ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba. Ka ba da ruwan gorarka a dama maka, ka ce ban da ƙanƙara. Tsire da balangu a bar su sai la'asar idan mahauta sun hura wuta, a sayi wanda aka sauke a gabanka. Kilishin tsaraba a ce a naɗe a takarda, don leda na sa shi gumi ya yi laushi ya fara wari.

Game da lokaci, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi, kodayake hazon hunturu na dusashe hoto. Watannin Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, tsayuwa a fili da tsakar rana azaba ce. Da damina ƙasa ta yi kyau, zogale da nono sun wadata, amma gero ya fi mutum tsayi yana rufe gani, hanyar ƙasa kuma na iya riƙe ƙaramar mota. Ranar Juma'a, duk da ita ce ranar rijiya a labari, ba ta dace da wannan tafiya ba saboda salla na raba yinin biyu. Mai son ganin Daura a cike ya daidaita zuwansa da Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, sai dai ya kama masauki da wuri, ya kuma san direbobi za su ƙara kuɗi. Ranar Lahadi ana iya ƙara kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa, kusa da iyakar Nijar, amma sai an yar da tsayawar cikin birnin Katsina, yini ɗaya ba zai ɗauke su duka ba.

Ɓangaren Daura ya fi yammacin jihar kwanciyar hankali, duk da haka a tambayi halin hanya a daren da za a tafi, kuma a riƙe katin shaida saboda shingayen jami'an tsaro. A tashi ƙarfe bakwai na safe, a bar Durbi-ta-Kusheyi kafin sha ɗaya, a yi azahar a Daura, a kamo hanyar gida da an idar da la'asar. A ɗauki tsabar kuɗi ƙananan canji don goro da tukuici, domin sabis na yankewa a wasu ƙauyukan, taransifa ba ta tafiya.