Sharhi kan dashen itatuwan da na saya, bayan damina huɗu

A watan Yunin 2021 na ɗauko dashe shida daga wani wurin renon itatuwa a bakin titin Zariya, nan Kano: mangwaro mai aure biyu, Juli da Fita, gwaba ɗaya, lemon zaƙi ɗaya, sai fiya biyu. Da gangan na yi shiru har yanzu, don ba a yi wa itace shaida yana cikin leda.

Mangwaron ne ya biya ni. Kuɗinsa ya ninka na wanda aka shuka da ƙwallo, har na tsaya ja-in-ja, sai dattijon da ke wurin ya ɗaga dashen ya nuna mini tabon da aka haɗa reshe da gindi. Ya ce, "Alhaji, na ƙwallo sai ka shekara shida ko bakwai kana jira, kuma ba ka san abin da zai haifa maka ba." Ya ce in haƙa rami mai faɗi, in cakuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen kashin shanu, kada in binne tabon. Duk tsiron da ya fito ƙasa da tabon kuma in cire shi, in ba haka ba gindin zai rinjayi auren.

Abin da ya fi yi mini wuya shi ne tsinke furen da Julin ya yi a hunturun farko. Hannuna har rawa yake. Amma na bi maganarsa, bishiyar ta yi jiki, a shekara ta uku muka sha. Ba zare, ƙanshi har zaure, ga ta gajeriya, daidai da tsakar gida. Fita kuwa ta fi son fili, yanzu ta fara leƙa katangar maƙwabci.

Gwaba ba ta ba ni wahala ba. Lemon ya sha fama da gara a ranin farko, sai da na kwashe busassun ganyen da na tara a gindinsa.

Inda nake da ƙorafi shi ne fiya. Na tambaya ko za ta yi a Kano, yaron shagon ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa kawai take so." Ban taɓa fashin ba su ruwa ba. Iskar hunturu ta ƙone bakin ganyen, zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya ƙarasa su duka biyun. Fiya ta fi son wuri mai sanyi da laima irin Jos da Mambila, kuma mai sayar da ita ya fi ni sanin haka. Kuɗin bai dame ni kamar wata goman da na yi ina lallaɓa su safe da yamma ba.

Zan koma in ƙaro kashu a ramukan nan biyu idan ruwa ya zauna, amma wurin dattijon zan tsaya.