'Yan sandan soja na ko-ta-kwana a Amurka: National Guard ko Army Reserve?

Horon farko iri ɗaya ne, a sansanin soja na Fort Leonard Wood da ke jihar Mizuri. Daga nan sai atisaye na ƙarshen mako guda kowane wata, da mako biyu a shekara. Inda suka raba gari shi ne wajen mai ba da umarni.

Na National Guard, gwamnan jiha ke riƙe da akalarsu, sai fa in shugaban ƙasa ya karɓe su. Shi ya sa in an yi ambaliya ko tarzoma, su ake gani a shingen hanya suna dafa wa 'yan sanda.

Na Army Reserve kuwa na tarayya ne zalla, kuma dokar Posse Comitatus ta 1878 ta ɗaure musu hannu wajen kama farar hula a cikin gida. Aikinsu ya fi karkata ga rakiyar ayarin motoci da tsare fursunonin yaƙi, kuma tsare fursunonin shi ya fi wuya nesa ba kusa ba. A 2003 aka damƙa wa rukunin 'yan sandan soja na 372 na Army Reserve daga jihar Maryland wani sashe na kurkukun Abu Ghraib da ke Iraki, alhali ba a koya musu aikin gidan yari ba. Rahoton binciken da Janar Taguba na sojan Amurka ya fitar a 2004 ya ɗora alhakin cin zarafin da aka yi wa fursunoni a can a kan ƙarancin horo da sakacin shugabanni.